Yadda Ake Haɗa Aikin Albashi da Sana'ar Gefe Ba Tare da Ɗaya Ya Kashe Ɗaya Ba

Albashi ba ya ƙaruwa da saurin da buƙatu ke ƙaruwa, kuma wannan ba sai an gaya wa ma'aikaci ba. Shi ya sa da wuya a zauna da masu jiran ƙarshen wata ba a ji ana maganar neman wani abu a gefe ba. Inda ake yawan kuskurewa shi ne a fara tunanin daga jari: nawa zan tara, me zan saro, ina zan kama wuri. A ganina wannan farawa ce daga ƙarshe. Ma'aikaci yana da wani abu da cikakken ɗan kasuwa ba shi da shi, wato kuɗin da ke shigowa duk wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Abin da ya yi masa ƙaranci shi ne lokaci. Don haka duk tsarin da zai yi, sai ya kare albashin nan tukuna, sannan ya sayar da 'yan sa'o'in da suka rage masa da daraja. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ruwan cikinka a nan shi ne aikin da kake kai.

Mataki na farko: ƙidaya sa'o'inka

Kafin ka zaɓi sana'a, ka san lokacin da za ka ba ta. Mako yana da sa'o'i 168. Cire na barci, wanda in kana samun bakwai a kowane dare ya kama 49. Cire na wurin aiki, da na hanya zuwa da dawowa, da na cin abinci, da ibada, da haƙƙin iyali. Kada ka yi lissafin nan da ka. Ɗauki takarda ka yi mako guda kana rubuta inda kowace sa'a ta tafi, domin abin da mutum ke zato game da lokacinsa da abin da ke faruwa a zahiri sukan yi nisa da juna.

Bayan adadin, duba yanayin sa'o'in. Minti talatin nan, minti arba'in can, sun isa amsa saƙon mai saye ko ɗora hoton kaya, amma ba su isa aikin da ke son natsuwa ba, kamar fassara ko ɗinki ko lissafin kuɗi. Mai aikin karɓa-karɓa, kamar ma'aikaciyar jinya ko mai gadi, ba zai iya yi wa ɗalibi alƙawarin darasi kowace Talata da yamma ba, sai dai aikin da ake ba da wa'adin kwanaki. Shi kuwa malamin makaranta yana da dogon hutu da ya san lokacinsa tun farkon shekara.

Akwai kuma iyakar da jiki ya gindaya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna cewa masu aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako sun fi masu yin 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, sun kuma fi su haɗarin mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17. Hukumomin biyu sun ƙiyasta cewa dogon aiki ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016. Idan babban aikinka yana cin sa'o'i 40, to abin da ke tsakaninka da wannan layi 15 ne, kuma ban ga dalilin da za ka cinye su duka ba. Takwas zuwa goma tsayayyu a mako sun isa a fara.

Mataki na biyu: karanta takardar ɗaukarka aiki

Mutane da yawa sun sa hannu a takardar nan ranar farko cikin murna, ba su sake buɗe ta ba. Buɗe ta yanzu, tare da littafin ƙa'idojin ma'aikata in akwai. Abubuwa uku kake nema: ko an hana aikin waje gaba ɗaya ko an ce sai da izini, ko an hana yin sana'a irin ta ma'aikatar ko yi wa abokan gogayyarta aiki, da kuma wanda ya mallaki abin da ka ƙirƙira kana ma'aikacinsu. Wannan na ƙarshen ya fi shafar masu zane, masu rubutu da masu rubuta manhaja. Ma'aikatan gwamnati su fi kowa lura, domin a ƙasashe da dama doka ce da kanta ta taƙaita irin kasuwancin da za su iya shiga.

Idan sai da izini, nemi izinin a rubuce. Ba sai ka yi dogon bayani ba: “Ranka ya daɗe, ina so in riƙa koyar da ɗalibai lissafi ranakun hutun mako. Ba zai taɓa lokacin aiki ba, kuma ba ruwansa da abokan hulɗarmu.” Shugaba ya ji daga bakinka ya fi ya tsinta a bakin wani.

Sai ƙa'idar da ban yarda a sassauta ta ba ko da takarda ba ta ambata ba: kada ka yi sana'arka da lokacin ma'aikata, ko kwamfutarta, ko motarta, ko na'urar buga takardunta, kuma kada ka janye mata kwastomomi ta bayan gida. Wannan cin amana ne, kuma a lissafi ma asara ce, domin ribar wata shida ta sana'ar gefe ba za ta maye albashi da fansho da sunan kirki ba.

Mataki na uku: zaɓi abin da za ka yi

Hanyoyin suna da yawa a baki, amma in aka tattara su ba su wuce gida huɗu ba, kuma ba darajarsu ɗaya ga ma'aikaci ba.

Gida na farko shi ne sayar da abin da ka iya. Akanta ya riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littafin kuɗinsu, malami ya koyar da darasi bayan an tashi, mai harshe biyu ya yi fassara, mai saurin buga rubutu ya buga wa ɗalibai ayyukansu ko ya mayar da sautin hira rubutu, mai hannu ya yi gyaran waya ko wutar lantarki ko ɗinki, mai ido ya ɗauki hoto ko ya zana tallace-tallace. Wannan gidan nake ba kowa shawarar ya fara dubawa, saboda jarinsa ya riga ya shiga tun shekarun da ka yi kana koyo, kuma in abin bai karɓu ba, ba a bar ka da tulin kaya a ɗaki ba. Hanya mafi sauƙi ta gano abin da za ka sayar ita ce ka tuna abin da mutane suka saba roƙonka ka yi musu kyauta. Wanda kullum ake kawo wa takardar neman aiki ya gyara, ko ake kira in kwamfuta ta ƙi tashi, ya riga ya sami kasuwa, kuɗi ne kawai bai fara karɓa ba.

Ana iya kai wannan ƙwarewa intanet. A dandalin Fiverr, wanda aka buɗe a 2010, kai kake baje abin da kake yi da farashinsa, mai buƙata ya zo ya saya. Kamfanin yana cire kashi 20 cikin ɗari na kowane ciniki, kuma a bisa al'ada sai kuɗin sun yi kwana 14 bayan kammala aiki kafin ka iya cire su. A dandalin Upwork kuwa masu ba da aiki ne ke tallata abin da suke so, ku kuma ku yi ta miƙa tayi. A duka biyun, sabon shiga yana gogayya da mutanen duniya da suka tara yabon kwastomomi na shekaru, don haka watannin farko sukan yi tsauri. Wanda ya ware abu guda ƙarami da ba kowa ke yi ba, misali fassarar takardun lafiya tsakanin wasu harsuna biyu, ya fi wanda ya ce yana yin komai saurin samun shiga. Kuma tun kafin ka yi rajista ka tabbatar da hanyar da kuɗin za su iso hannunka, domin hanyoyin biya irin su PayPal da Payoneer ba ɗaya suke aiki a kowace ƙasa ba.

Gida na biyu shi ne saye da sayarwa. Yana da riba, amma yana cin jari, yana son wurin ajiya, kuma kaya na iya kwantai. Ma'aikaci ya fi dacewa da salo biyu a nan: ko ya karɓi oda da kuɗi tukuna sannan ya saro, ko ya yi dillanci, ya haɗa mai kaya da mai saye ya karɓi la'adarsa. Ya guji kayan da ke lalacewa cikin kwana biyu, tunda ba shi ne zaune a kansu ba.

Gida na uku shi ne ba da hayar abin da ka mallaka: ɗakin da ba kowa, abin hawa, kyamara, kayan aikin gini, kujeru da rumfunan taro. Lokacin da yake ci kaɗan ne, sai dai dole a riƙa cire kuɗin gyara da na tsufan kaya daga abin da ya shigo. Wanda ya ba da motarsa haya yana kashe duk abin da aka kawo masa, ranar da injin ya buga zai gane cewa motar yake ci a hankali.

Gida na huɗu shi ne ƙirƙirar abu sau ɗaya a yi ta sayarwa: bidiyo, littafin intanet, darussan da aka naɗa. Shi aka fi yi wa talla, shi ne kuma ya fi jinkirin biya. YouTube ba ya fara raba maka kuɗin talla sai kana da mabiya 1,000 tare da sa'o'in kallo 4,000 a cikin watanni 12, ko kuma an kalli gajerun bidiyoyinka sau miliyan 10 a cikin kwana 90. In ka kai, kasonka a dogayen bidiyoyi shi ne 55 cikin ɗari na kuɗin tallan. Mai son wannan hanya ya shige ta da sanin cewa zai iya shekara bai ga komai ba. In kuɗin makarantar zango mai zuwa kake nema, ba nan za ka dosa ba.

Zaɓi ɗaya tak. Sa'o'i goma ba sa rabuwa uku su yi amfani.

Mataki na huɗu: nemi mai biya kafin ka kashe ko sisi

Nan ne zuciyar al'amarin. Kada ka buga kati, kada ka kama shago, kada ka ci bashin sayen na'ura, sai wani ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya ba ka saboda abin da ka yi masa. Yabon 'yan'uwa da abokai ba shaida ba ne, domin kowa zai ce maka shawara ce mai kyau. Biya ne shaida.

Rubuta abin da kake yi a jimla ɗaya da ta ƙunshi wanda kake yi wa, da abin da zai samu, da tsawon lokacin. “Ina tsara wa masu ƙananan shaguna littafin shiga da fitar kuɗi, in kawo musu lissafin riba a ƙarshen kowane wata” ta fi “ina harkar akanta” nesa ba kusa ba. Tura wa mutum ashirin da ka sani, kowa da saƙonsa daban da sunansa, ka kuma roƙe su su isar ga wanda suka san yana buƙata. Haɗa da samfuri biyu ko uku na aikinka. In ba ka taɓa yi wa kowa ba, ƙirƙiro samfurin da kanka. Burinka a wannan mataki kwastomomi uku ne masu biya. Daga su za ka ji abin da mutane ke so a zahiri, da tsawon lokacin da aikin ke ci, da tambayoyin da ba ka taɓa zato ba. In ana buƙatar kayan aiki, ara ko ka yi haya har ribar ta saya maka naka.

Idan ka yi wata biyu kana tallatawa da gaske ba wanda ya biya, ka sauya abin da kake sayarwa ko waɗanda kake sayar wa. Ba ka yi asarar komai ba sai lokaci.

Mataki na biyar: yanke farashi da lissafi

Fara da sanin darajar sa'arka a babban aikinka. Mai aikin sa'o'i 40 a mako yana yin kimanin 173 a wata. Raba albashinka da wannan adadi. Sa'ar gefe ta kamata ta fi wannan tsada, domin daga hutunka aka yanko ta, kuma ba ta da fansho, ba ta da hutun rashin lafiya.

Sannan ƙidaya sa'o'in da ba a gani. Darasin sa'a ɗaya yana da shiri, yana da tafiya da dawowa, yana da duba aikin ɗalibi. Aikin zane yana da waya da saƙonni da gyare-gyare. In ka raba kuɗin da sa'ar koyarwar kaɗai za ka ga riba, in ka raba da duka sa'o'in wataƙila ka ga ƙasa da albashinka kake karɓa.

Masu saye da sayarwa su kula da wani ruɗani da ke cin mutane da yawa. Ka sayi abu a 100 ka sayar a 125, ka ɗora kashi 25 a kan kuɗin saye, amma ribarka kashi 20 ce na kuɗin sayarwa. To in ka yi wa mai saye ragin kashi 20, ka koma 100 daidai, ba ka ci komai ba, kuma ba a ma cire kuɗin dako da na waya ba. Lissafin nan ne dai ke aiki a dandalin da ke cire kashi 20: in kana so 100 ta iso hannunka, 125 za ka rubuta.

Kowane aiki a yi shi da yarjejeniya a rubuce, ko da saƙon waya ne: me za a yi, yaushe za a kawo, nawa ne, sau nawa za a yi gyara kyauta. Karɓi kafin alƙalami, rabi ko sulusi, musamman in za ka sayi kayan aiki. Kuma ka ba da wa'adin da ya fi wanda kake zato tsawo, saboda ranar da babban aikinka ya riƙe ka har dare, shi za ka fifita.

Maganar bashi kuwa, abokan aiki su ne kwastomomi mafi kusa, su ne kuma mafi wuyar bi bashi, tunda gobe ma tare za ku zauna. Wanda ya ce sai an yi albashi, rubuta sunansa da adadin a gabansa, ka sa iyakar abin da mutum ɗaya zai iya ɗauka, kuma kada a ƙara sabo a kan tsoho. Wanda ke ƙarƙashinka a wurin aiki, gara ma kada ka tallata masa, domin zai ji nauyin ce maka a'a.

Mataki na shida: raba kuɗin sana'a da albashi

Buɗe asusu daban tun daga cinikin farko. Duk abin da sana'a ta kawo ya shiga can, duk abin da ta ci ya fita daga can. Riƙe littafi ko jadawali a waya mai ɗauke da kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, da sa'o'in da ka kashe, ka cike shi a ranar, ka kuma adana rasit. Idan kuɗin suka cakuɗe, albashi zai riƙa rufe asarar sana'a a ɓoye, kai kuma kana ganin ciniki na tafiya.

A ƙarshen wata, cire uwar kuɗi da duk abin da aka kashe. Abin da ya rage shi ne riba, kuma ita ma ba duka ce ta ci ba. Ware kason haraji, domin a yawancin ƙasashe harajin da ake cirewa daga albashi bai shafi kuɗin gefe ba, kai ne za ka bayyana su. Nemi sanin dokar inda kake, har da batun rajista ko lasisi in sana'ar na buƙata. Mayar da wani kaso cikin sana'ar. Sauran ka ba shi aiki takamaimai tun kafin ya zo: biyan bashi, ko tara ajiyar da za ta riƙe gida wata uku zuwa shida in aiki ya tsaya. Kuɗin gefe suna hawa suna sauka, don haka kada ka ɗora musu nauyin da ke zuwa kowane wata, kamar hayar gida mafi tsada.

Mataki na bakwai: gane tarko

Mai albashi da ke neman ƙari shi 'yan damfara suka fi so, domin yana da kuɗi a hannu kuma ba shi da lokacin bincike. A 1920, a birnin Boston na Amurka, Charles Ponzi ya yi wa mutane alƙawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45, alhali kuɗin sababbin shiga yake biyan tsofaffi da su. Kafin shekarar ta ƙare abin ya rushe. Haka MMM na Sergei Mavrodi ya rushe a Rasha a 1994, haka na Bernard Madoff ya tonu a 2008, aka yanke masa ɗaurin shekara 150. Sunan da fuskar ne ke sauyawa. Alamomin ba sa sauyawa: riba mai yawa da aka ce tabbas ce, ba a iya bayyana maka abin da ake sayarwa, ana matsa maka ka kawo wasu, ana kuma gaggauta ka. Ganin wani ya karɓi kuɗinsa ba hujja ba ce, da biyan na farko ake jawo na baya.

Akwai kuma na zamani. Aikin da aka ce sai ka biya kafin a ba ka, ko danna-danna a waya da ake biyanka kaɗan sannan a ce ka zuba kuɗi don ka hau mataki na gaba. Mai sayen da ya turo hoton shaidar biya. Kada ka saki kaya sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka. Haka ma wanda zai ce ya yi kuskuren turo fiye da kima, wai ka mayar masa da ragowar. Mafi haɗari shi ne wanda zai ce a riƙa turo kuɗi asusunka kana wucewa da su wani wuri a ba ka kamasho: kuɗin sata ake wankewa da sunanka, kuma kai hukuma za ta fara kamawa.

Mataki na takwas: zauna da littafinka bayan wata uku

Raba ribar wata ukun da sa'o'in da ka rubuta, ka gwada da darajar sa'arka ta albashi. Sannan ka tambayi kanka abin da littafi ba ya nunawa: ka fara makara ko gyangyaɗi a wurin aiki? Mutanen gidanka suna ganinka? In lissafi ya yi kyau amma jiki ya gaji, ƙara farashi ka rage kwastomomi, ka fara sallamar masu yawan ƙorafi da jinkirin biya. In buƙata ta fi ƙarfinka, ɗauki mai taimako a ɓangaren da ba sai kai ba, kamar kai kaya ko amsa waya, ka riƙe duba inganci da kuɗi a hannunka. In kuwa ribar ba ta kai ba kuma ba alamar za ta kai, rufe ta, ka koma mataki na uku da abin da ka koya.

Wata rana sana'ar na iya girma har ka fara tunanin ajiye aiki. Kada wata ɗaya mai albarka ya yanke maka wannan hukunci. Jira sai ribar, bayan an cire haraji da duk kashe-kashe, ta kai albashinka wata shida zuwa shekara a jere, kana da ajiyar wata shida a gefe, kuma ba kwastoma ɗaya ne ke kawo fiye da rabin kuɗin ba. Ka lissafa har da abin da ma'aikata ke biya maka wanda ba ya bayyana a albashi, kamar fansho da inshorar lafiya, domin daga ranar da ka fita kai za ka ɗauke su. In duk wannan ya cika, ba da sanarwar barin aiki daidai da wa'adin da takardarka ta tanada, ka miƙa ayyukan da ke hannunka cikakku kafin ka tafi.